Baƙuwar Shekara Huɗu

A gidan Ciyaman idan ka ji an ƙwala kira "Baƙuwa!", kada ka zaci wata ce aka shimfiɗa wa tabarma ana shirin kawo mata ruwan sanyi. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya, mai kaushin hannu kamar na tsohuwa, wadda take tashi kafin kowa ta hura gawayi ta zuba a dutsen guga. 'Yar wan matar gidan ce. Ranar da aka kawo ta, bayan rasuwar mahaifinta, yaran gida suka yi ta tsalle suna cewa an yi baƙuwa, an yi baƙuwa. Shekara huɗu ke nan sunan bai sauka daga kanta ba, kuma wallahi ba mantuwa ce ta sa aka bar mata shi ba.

Gwaggonta wanki da guga take yi, ko kuwa in ce da sunanta ake yi. Kayan makarantar rabin yaran unguwar nan gidan ake kawowa. Gwaggo ta karɓa da fara'a, ta ce wa iyaye, "Ku bar min kawai, sai kun ga fuskarku a jikin rigar nan." Suna juya baya sai ta watsa wa Baƙuwa. Ita ce wanki, ita ce shanya, ita ce guga, ita ce kai wa gida-gida. Babu rigar makarantar da ba ta san maɓallinta ba a unguwar, amma ba ta taɓa zura wuyanta cikin ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mata rai, katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidan da makarantar firamaren gwamnati. Teburin gugarta jingine yake da katangar, daidai bayan tagar aji ɗaya. Kullum da safe tana jin ƙararrawa, tana jin ana kiran suna, yara na amsawa ɗaya bayan ɗaya: "Ina nan, Malam." Idan an gama, ita ma sai ta faɗa a hankali, yadda daga ita sai dutsen guga za su ji: "Ina nan."

Ran Litinin da safe mijin Gwaggo ya fito shan shayi da baki cike da labari. Shagon kayan gini ne da shi, amma tun da aka zaɓe shi shugaban kwamitin iyaye na makarantar babu mai kiransa da wani suna sai Ciyaman, shi ma ba ya amsa wani. Mutum ne mai son jawabi, ko kofi aka miƙa masa sai ya gyara murya.

"Gobe malamai za su fara bin gida-gida ƙidayar yara," ya ce. "Juma'a a rufe rajista. Kin ga allon ofishin Hedimasta kuwa? Maza ɗari huɗu da goma sha biyu, mata ɗari biyu da tamanin da tara. Abin kunya! Ina sauran matan suke? Iyaye sun jibge su a gida suna bauta. Bana da kaina zan raka malamai, duk wanda ya ɓoye 'yarsa sai na tona shi. Kuma doka ta ƙara tsauri, yaron da ya cika sha biyu ba a ɗaukarsa aji ɗaya."

Yana wannan jawabi yana miƙa ƙafa Baƙuwa na goge masa takalmi. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga. Wata biyu suka rage mata ta cika sha biyu. Idan sunanta bai shiga rajistar nan kafin Juma'a ba, to shi ke nan, ita da aji sai dai ta bayan taga.

Ita ƙidayar nan tana da wata ƙa'ida. Ana rubuta duk yaron da ke zaune a gida, namiji ko mace, mai zuwa makaranta da wanda ba ya zuwa. Amma ba a rubuta baƙo, don kada a ƙirga shi sau biyu, tunda can gidansu ma za a rubuta shi. Ƙa'ida ce mai kyau, wanda ya kafa ta bai yi nufin cutar kowa ba. Gwaggo ce ta gano amfaninta. Shekara uku a jere wani dattijon malami yana zuwa ƙofar gida, ya nuna yarinyar da fensir ya ce, "Wannan fa?" Gwaggo ta ce, "Baƙuwa ce." Ya wuce gida na gaba.

Da Ciyaman ya fita, Baƙuwa ta tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage mata, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki.

"Gwaggo, bana za a rubuta ni?"

Ba ta ga tasowar hannun ba, sai dai ta ji kunnenta na hagu ya ɗauki ƙara, ƙasa ta taso ta same ta.

"A rubuta ki a ina? Ke da kike ci, kike sha, kike kwana a kyauta, shi ne har kin samu bakin neman ƙari? Idan kin tafi makaranta uban wa zai yi gugar? Lokacin da ubanki ya mutu dangi nawa ne suka gudu suka bar ki? Ni kaɗai na rufa miki asiri. Ai ni ce ma na sa ki a makaranta, sana'a nake koya miki, wadda za ki ci abinci da ita. Tashi ki ba ni wuri kafin in sauya miki kamanni."

Ta tashi tana dafe da kunne ta koma kan baho. Har azahar kunnen bai daina kuka ba.

Ran Talata Gwaggo ta so ta tura ta famfo tun da wuri ta ɓata lokaci a can, amma Ciyaman ya riga ta. Wai da gidansa za a fara, don ya zama abin koyi ga unguwa. Dattijon malamin ya yi ritaya, bana wata sabuwar malama ce, matashiya mai tabarau, rungume da babbar rajista mai baƙin bango. Aka ba ta kujera a tsakar gida.

"Maman Auta, yara nawa ne a gidan nan?"

"Uku ne, Malama. Manyan biyu suna aji huɗu da aji biyar, sai Auta da za a sa bana."

Malama ta rubuta. Ta ɗago kai ta hango yarinya a jikin katanga, hayaƙin gawayi ya sa idonta ya yi ja.

"Waccan fa?"

"Baƙuwa ce," in ji Gwaggo, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Malama ba ta wuce nan take ba. Ta yafito yarinyar da hannu. "Zo nan, 'yata. Ya sunanki?"

Ga dama ta zo har gabanta, a zaune a kan kujera. Baƙuwa tana da suna, mai daɗi, wanda mahaifinta ya raɗa mata. Sai dai shekara huɗu babu wanda ya kira shi, ga idon Gwaggo ya kafe ta kamar ƙusa. Bakinta ya buɗe, abin da ya saba amsawa shi ya fito.

"Baƙuwa."

Ciyaman ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Kin ji ko, Malama? Da bakinta ta faɗa!" Gwaggo ta taya shi. Malama ma ta yi murmushi, ta ɗan yi wani ƙaramin rubutu a gefen shafi, ta rufe rajista, suka fita.

Baƙuwa ta koma kan tebur ta tsaya kamar an dasa ta. Haushin kanta ya cika mata ciki, ji take kamar ta cire harshen ta jefar. Tana cikin wannan tunani ta manta dutsen guga a kan wata farar riga. Ƙaurin ne ya fito da Gwaggo daga ɗaki.

Akwai wata tsohuwar wayar wuta da ke rataye a bayan ƙofar kicin, an ninka ta biyu, ba ta da wani aiki a gidan sai wannan. Gwaggo ta fizgo ta. Ta fara da baya, ta sauko cinya, da yarinyar ta kare da hannu ta bi hannun. Baƙuwa ta zagaya tebur, ta faɗa cikin baho, ruwan sabulu ya shiga inda fatar ta fashe. Ta yi ihu har muryarta ta dushe. A bayan katanga yaran aji ɗaya suna rera ɗaya, biyu, uku, malaminsu ya ce su ƙara ɗaga murya.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan ƙyaure. "Maman Auta, a yi haƙuri mana, ya isa haka."

"Rigar mutane ta ƙona min! Yarinyar nan so take ta kashe min sana'a. Idan ban gyara ta ba wa zai gyara ta?"

"Haka ne kuma, yaran yanzu sai da haka," in ji maƙwabciya, ta ja kanta ta koma gida. Ita ma rigunan 'ya'yanta uku suna kan igiyar shanyar.

Ran Laraba da hantsi aka ɗora mata ƙullin kayan guga ta kai gidaje. Rigar jikinta ta manne da bayanta, kowane taku sai ta cije leɓe. Ta kai gida biyu, ta zo ƙofar makaranta, ƙafarta ta ƙi wucewa. Mai gadi ya ga ƙullin yunifom a kanta, ya zaci aiko ta aka yi, ya buɗe mata. Karon farko ke nan da ta ga makarantar ta gaba.

Ta samu Malama mai tabarau ita kaɗai a ofis, ta baje takardun ƙidaya a tebur. A bango ga allon da Ciyaman yake faɗa, an ja masa layi-layi da alli, kowane gida da lambarsa.

"A'a, baƙuwar gidan Ciyaman ce? Me aka aiko ki?"

Ta sauke ƙullin. Tun daga gida take bitar maganar a ranta don kada harshen ya sake cin amanarta.

"Malama, ni ba baƙuwa ba ce. A gidan nake. Ni na goyi Auta."

Malama ta cire tabarau ta dube ta da kyau. Ta ga shatar waya a damtsenta. Ta tashi ta buɗe kabad ta zaro rajistocin shekarun baya guda uku, ta kaɗe musu ƙura. Ta nemo shafin gidan Ciyaman a ta farko. A gefe, da rubutun dattijon malami: baƙuwa ɗaya, mace. Ta buɗe ta biyu: baƙuwa ɗaya, mace. Ta uku ma haka. Ta janyo ta bana, ta ga abin da ita kanta ta rubuta jiya da hannunta. Kunya ta kama ta har ta kasa haɗa ido da yarinyar.

"Faɗa min sunanki na gaskiya, da na mahaifinki."

Baƙuwa ta faɗa. Sunan ya fito mata wani banbaraƙwai, kamar takalmin da aka daɗe ba a sa ba. Malama ta rubuta shi a layin mata na aji ɗaya, ta juyo da rajistar ta nuna mata da yatsa. "Kin ga wannan? Ke ce."

Baƙuwa ta ƙura wa 'yan zanen ido. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta so ta haɗiye su.

"Sai dai da fensir na rubuta," in ji Malama. "Haka tsarin yake. Sai uba ko mai riƙo ya sa hannu a wannan takardar sannan a bi sunan da biro. Duk sunan da ya kai Juma'a da fensir, goge shi ake yi. Ki kai wa Ciyaman. Shi da ke bin mutane gida-gida, ai ba zai ƙi nasa ba."

Malama sabuwa ce a unguwar, jawabin Ciyaman kawai ta sani. Baƙuwa ma, duk da shekara huɗu tana goge masa takalmi, sai ta yarda. Bai taɓa dukanta ba. A wurin yarinyar da ake duka kullum, wannan kaɗai ya isa ya sa ta ɗauki mutum na kirki ne.

Da la'asar ya dawo daga shago, ta kai masa ruwa, ta durƙusa ta miƙa takardar da hannu biyu.

"Baba, Malama ta ce ka sa hannu."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Fuskarsa ta canja, ba don tausayi ba, don ya hango bakin mutanen unguwa. Ya ninke takardar gida huɗu ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki ga aikin 'yarki. Har ofis ta je ta kwance mana zane. Gobe a ce Ciyaman da kansa ya ɓoye yarinya shekara huɗu. Idan na sa hannu a nan ai na amsa laifi ke nan."

"Baba, don Allah..."

"Ni ba ruwana," ya ce, yana zura takalmin da ta goge. "'Yar ɗan'uwanki ce, jininki ce, ba na shiga tsakanin dangi. Amma ki san yadda za ki yi da ita." Ya fita, ya ja ƙofar gida ya rufe da kyau, kamar mai gudun kada kaji su fita.

Gwaggo ba ta ɗauko waya ba. Ta ɗauki takardar da ya bari ta yayyaga ta zuba a cikin dutsen guga, gawayin ya cinye ta. Sannan ta tambaya cikin wata irin murya mai sanyi, "Da wane hannu za ki riƙe fensirin?"

Baƙuwa ta ja da baya har ta ci karo da katanga. Gwaggo ta damƙo hannunta na dama, ta shimfiɗa shi a kan tebur inda ake shimfiɗa riguna, ta danne wuyan hannun da gwiwar hannunta, ta ɗora dutsen a bayan tafin.

Ba a daɗe ba. Ko ƙirga uku ba a yi ba. Amma ƙarar da yarinyar ta yi sai da tsuntsayen da ke kan rufin makaranta suka tashi. An riga an tashi daga makaranta, babu kowa a bayan taga. Maƙwabciya kuwa ta ƙara wa rediyonta murya.

Da Gwaggo ta ga fatar ta biyo dutsen, jikinta ya ɗan yi sanyi. Ta yago tsumma ta jefa mata. "Ke kika jawo wa kanki. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce garin guga kika ƙone, kullum ina miki faɗan rawar kai. Ni da na riƙe ki kamar 'yar cikina, ki je ki kai ni ƙara wurin bare?"

Ran Alhamis hannun ya kumbura ya yi suntum, tsumman ya jiƙe da ruwa-ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Babu wanda ya yi zancen asibiti, don a asibiti tambaya ake yi. Wanki kuma bai san da zazzaɓi ba. Aka ajiye mata baho ta yi da hagu, tana taka rigar da ƙafa tana murzawa. Da aka ji sallamar Malama a ƙofar gida wajen azahar, Gwaggo ta finciko ta ta tura ɗakin gawayi, ta sa kwaɗo, ta ce ta cikin haƙora, "Ki yi tari kawai, ki gani."

Ɗakin duhu ne, sai ɗan haske ta ƙasan ƙofa. Baƙuwa ta kwanta a kan buhu tana jin komai.

"Ranka ya daɗe, takardar da na aiko nake jira," in ji Malama.

Ciyaman ya gyara murya. "Malama, ke sabuwa ce, ba ki san yaran nan ba. Yarinyar tana da ɗan taɓin ƙarya. Zuwa take tana komawa, shi ya sa muke ce mata baƙuwa."

"Rajista huɗu na duba. Baƙuwar shekara huɗu, ranka ya daɗe? Ina take komawa? Wane gida ne ya rubuta ta?"

"To ai ba ta ma nan," Gwaggo ta karɓe. "Tun safe na aike ta."

"Tun safe? Ga wanki a baho da kumfarsa."

Baƙuwa ta ji Malama ta matso tsakiyar gida. Sai ta ji abin da ba ta taɓa ji ba a gidan nan. Malama ta ɗaga murya, irin muryar kiran suna a aji, ta kira sunanta na gaskiya haɗe da na mahaifinta.

Tsoron Gwaggo yana nan, zafin hannu yana nan. Amma shekara huɗu tana bitar wannan amsa a jikin katanga, wannan karon harshen bai yi kuskure ba. Ta rarrafo ta sa baki a ƙasan ƙofa.

"Ina nan, Malama! Ina nan!"

Malama ta yi kan ƙofar ta kama kwaɗon tana jijjigawa. "Ku buɗe! Ku buɗe yarinyar nan!"

"Makullin ya ɓata," in ji Gwaggo.

Ciyaman ya sha gabanta, fara'ar nan ta jawabi duk ta gudu. "Malama, nan gidana ne, ba ajinki ba. Ki fita da mutuncinki. Rufin ajin da kike koyarwa ma ni na tsaya aka gyara shi, ki tambayi Hedimasta."

Ita kaɗai ce, mace, sabuwa, a gidan mutum. Ta saki kwaɗon. Ta sunkuya ta ce ta ƙasan ƙofa, "Ki yi haƙuri, 'yata. Gobe da safe zan dawo da Hedimasta. Sunanki yana nan, ban goge ba."

Da ƙarar takalminta ta ɓace sai makullin ya samu. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Wayar ta sauko daga bayan ƙofar kicin, kuma wannan karon Gwaggo ba ta kauce wa hannun da ke naɗe ba. Ciyaman bai fita ba, yana zaune a kan kujera yana tunani. Da matarsa ta gaji ta zauna tana haki, sai ya ce, "Duka ba zai fid da mu ba. Ba baƙuwa muka ce ba? To, baƙuwa ai tafiya take."

Ran Juma'a, gari bai gama wayewa ba, aka tashe ta. Gwaggo ta cusa mata rigunanta biyu a leda, ta yafa mata babban mayafi don ya rufe hannun. Ciyaman da kansa ya kai ta tasha, ya damƙa ta ga wani direba abokinsa, ya ce a sauke ta wurin ƙanwarsa, shi Ciyaman, mai sayar da abinci a wani gari mai nisa, ta daɗe tana neman mai wanke-wanke. "Marainiya ce, taimaka mata muke yi," ya ce wa direban. Direban ya ce Allah ya ba shi lada.

Motar ta bi ta gaban makaranta. Mai gadi yana share ƙofa, yara sun fara shigowa cikin fararen riguna masu karin guga. Baƙuwa ta gane gugarta a jikin da yawa daga cikinsu. Ta manna fuska a gilashi tana neman mai tabarau, ba ta gan ta ba.

Ƙarfe takwas Malama ta iso gidan da Hedimasta. Aka tarbe su da shayi. Ɗakin gawayi a buɗe, an share shi tas. Gwaggo ta ce, "Ai mun gaya miki baƙuwa ce, Malama. Ta koma." Malama ta tambayi ina, aka ce wurin dangi. Wane gari? Ciyaman ya ce dangin da yawa, bai riƙe ba. Ta juya ta dubi Hedimasta. Shi kuwa agogonsa yake kallo, ƙarfe goma sha biyu za a zo karɓar alƙaluma.

A ofis ta yi gardama har da hawaye. Hedimasta ya ce, "Malama, na ji, kuma abin bai min daɗi ba. Amma ni takarda nake bi. Babu sa hannu, babu yarinya. Ba a cika rajista da wanda ba ya nan." Da ta ƙi karɓar magogin da ya miƙa mata, sai ya janyo rajistar ya goge da kansa, ya hure ɓurɓushin daga kan shafi. Layin ya koma fari, sai ɗan gurbin da bakin fensir ya bari, wanda sai ka karkata takardar za ka gani.

Da rana aka sabunta allo. Mata sun ƙaru da sittin da ɗaya. A layin yaran da ba sa zuwa makaranta a unguwar aka zana sifiri, babba, da jan alli. Aka tara iyaye, Ciyaman ya yi jawabi a kan haƙƙin 'ya mace, aka yi masa tafi har sau uku. Kuma ku sani, babu ƙarya ko ɗaya a allon nan. Akwai layin maza, akwai na mata, akwai na masu zuwa, akwai na marasa zuwa, duk lissafin ya fita daidai. Ba a yi wa yarinyar da ake kira baƙuwa layi ba, shi ke nan. Su nawa ne irinta a bayan katangun makarantu, suna goge rigar da ba za su sa ba? Babu mai iya faɗa muku, don daga bakin ƙofa ake cire su, tun kafin a fara ƙirga. Gwaggo ta ƙona hannu ɗaya, amma ba ita kaɗai ta riƙe dutsen ba. Da mai rufe ƙofa, da mai ƙara wa rediyo murya, da mai kallon agogo, duk da su aka danna.

A can garin da aka kai ta, tasu ƙidayar sai mako na gaba ta fara. Ran Talata da hantsi Baƙuwa tana durƙushe gaban tulin kwanuka, tana wankewa da hagu, yatsun dama sun fara ƙanƙancewa a cikin tsumma, sai ga wani malami da rajista mai baƙin bango ya yi sallama.

"Yara nawa ne a gidan nan?"

"Biyar," in ji ƙanwar Ciyaman.

Ya rubuta. Ya nuna ta da fensir. "Wannan mai ciwon hannu fa?"

Baƙuwa ta ɗago kai. Sunan yana nan a bakinta, da na mahaifinta, a shirye. Ta dubi matar, ta ga irin idon da ta sani. Ta dubi hannunta na hagu, wanda shi kaɗai ya rage mata. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da cuɗa kwano.

"Baƙuwa ce," in ji matar. "Ran Juma'a ta zo."

Wannan karon ko ƙarya ba a yi ba. Malamin ya rufe rajista ya wuce gida na gaba.